Inda Na Kwantar da Yaya Habu

Tun da na dawo ba a bar ni na sha shayi a natse ba. A nan Dubai, a sito can unguwar Warsan tambaya, a Sabkha wajen masu kago, masu tura kaya gida, tambaya. "Sale, ya gwiwa? Ruwan zafin ya yi aiki?" Wani ma cewa ya yi in ba shi sunan masaukin, zai kai maiɗakinsa hutu. Ni na jawo. Da zan tafi na ce musu gwiwa zan je gasawa a Jibuti. Gwiwar tana ciwo, wannan gaskiya ne, amma ba ita ta kai ni ba. Zan faɗa sau ɗaya a nan. Wanda ya karanta ya gaya wa wanda bai karanta ba, a ƙyale ni.

Shekara ashirin da huɗu ke nan, ni da wana Habu muka bar Ringim za mu Saudiyya neman aiki, ba takarda. Ta Sudan muka so ƙetarewa, aka ce hanyar ta ƙi a shekarar. Wani dillali ya karkata mu ta Habasha zuwa Jibuti, daga nan kwale-kwale zuwa Yaman. Mu uku ne 'yan garinmu: ni, Yaya Habu, da wani Ilu. A bakin teku, arewa da wani gari da ake kira Obok, gudawa ta kama Yaya Habu. Ranar da kwale-kwalen ya zo ba ya iya ɗaga kai. Ilu ya shiga. Ni ban shiga ba. Yaya Habu ya cika, na binne shi, bayan wata guda na samu wani jirgin.

Ilu ya riga ni komawa gida da shekaru. Abin da ya faɗa shi ne ya bar Habu kwance yana numfashi, kuma ya hango ni cikin ruwa ina bin kwale-kwalen. Bai yi ƙarya ba. Na shiga ruwa har ƙugu ina roƙon su bar mana jarka ɗaya ta ruwan sha. Ba su bari ba. Komawata ce Ilu bai gani ba. Gari ya ɗauka na bar wana da ransa na gudu. Da na koma na faɗi nawa sau ɗaya a gaban Inna. Ta ce Allah ya sani. Ba ta sake tayar da maganar ba har ta rasu, ba ta kuma sake miƙo min abinci da hannunta ba.

Yaya Habu ya bar ɗa mai shekara uku, Auwal. Ya yi karatu, yanzu yana aikin gwajin jini a wani asibiti a nan Dubai. Ni kuma ina ɗaurin kaya a sito. Gari ɗaya muke, amma sai ranar Idi. Yana gaishe ni, ba laifi. "Malam Sale" yake ce min, kamar wani maƙwabci. Ɗan wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, bai taɓa ce min Baffa ba.

Ran nan ina naɗe firji da leda sai ga shi a ƙofar sito, da farar rigarsa ta aiki.

"Malam Sale, iyalina ta kusa sauka. In namiji ne sunan mahaifina zan sa."

"Allah ya raba lafiya."

"Amin. Wata rana yaron zai tambaye ni ina kakansa yake. Ka ce ka binne shi."

"Na binne shi."

"To kai ni in gani."

Na ce to. Ya tafi, na ƙarasa naɗe firjin. Ban ji tsoron tafiyar ba. Abin da na ji tsoro shi ne mu je in rasa wurin. In na rasa, maganar Ilu ta zauna ke nan har a bakin jikoki.

Shi ya yi mana biza ta waya. A jirgi kujerunmu na jere, bai yi min magana ba sai da ya ga ina fama da bel ɗin kujera. Ya ɗaure min ya mayar da abin kunnensa. Wancan karon wata huɗu na yi kafin in kai Jibuti. Wannan karon ko barci ban gama ba aka ce mu sauka.

A wajen duba fasfo aka ce in ɗora yatsu a kan na'ura. Ta ƙi. Na goge a wando na sake, ta ƙi. Jami'in ya kama hannuna ya juya. Yatsuna biyu na dama ba su da farce, kuma fatar bakinsu ta shafe kamar ƙasan kwano. Ya yi Faransanci, ban ji ba, ya koma Larabci ya ce me ya same su.

Auwal ya riga ni. "Aikin kago ne."

Kowa haka yake zato. Ban gyara masa ba.

Jami'in ya ce, "Ka taɓa zuwa ƙasar nan?"

Na ce, "Na taɓa wucewa."

Auwal ya taka min ƙafa. Mutumin ya buɗe fasfo shafi-shafi, bai ga hatiminsu ba. Ya ɗago ya dube ni, ya daɗe. Sai ya buga hatimi ya ce, "To, yau ka shigo ta ƙofa."

Masaukinmu a birnin ɗaki ne mai gado biyu da fanka mai kuka. Ruwan famfo gishiri-gishiri, sabulu ba ya kumfa. Na saba da zafin Dubai, amma can babu inda za ka gudu ka shiga sanyi. Da azahar muka fita neman abinci muka tarar gari ya mutu. Kantuna a rufe, maza kwance a inuwa kan tabarmi, kowa da kumburarren kunci kamar mai ciwon haƙori. Wani ganye suke tauna, kat, da ake kawowa kullum daga Habasha. Mu in mun ci goro aiki muke tashi mu yi. Su in sun fara wannan ganyen sai gobe. Har mai gadin masaukin, sai da muka tsallake ƙafarsa muka shiga.

Abinci kuwa, burodi dogo kamar sanda, mai kankare dasashi. Taliya da ayaba a faranti ɗaya, wai a haɗa a ci. Na ture ayabar gefe, mai abincin ya dawo da ita tsakiya. Kifinsu dai ba a magana. Tsaga shi suke yi biyu su shafe da barkono su manna a cikin tanderun ƙasa. Auwal ya ci da yawa, cikinsa ya ɗan juya. Da na ga ya shiga banɗaki sau na uku sai na kasa zama. Na je na tsaya a ƙofar.

"Lafiya, Malam Sale?"

"Ka sha ruwa."

"Ni ma'aikacin asibiti ne fa."

"Ka sha ruwa dai."

Ya sha. Bai san me ya tsayar da ni a wurin ba, ni kuma ban faɗa ba.

Washegari da sassafe muka ɗauki mota. Direban sunansa Hummad, mutumin ƙabilar Afar, siriri, haƙoransa na gaba an fiƙe su kamar na kifi. Ya ce ado ne, tun yana ƙarami aka yi masa. Na ce mu ma da ana yi mana tsaga a fuska. Ya dubi tawa ya ce gara nasa. Larabcinsa guntu-guntu ne kamar nawa, muka fahimci juna.

Da muka bar birni ƙasa ta ƙare, sai baƙin dutse. Duk inda ka duba kamar gindin tukunyar da aka manta a wuta. Hummad ya ce daga cikin ƙasa dutsen ya fito yana tafasa ya malale har teku, babansa ya ga wutar da idonsa. Ya tsaya ya nuna mana wata tsaga a ƙasa, ya ce Auwal ya sa hannu. Auwal ya sa ya fizge da sauri. Tururi ne ke fita. Hummad ya yi dariya har da dukan mota. Can ƙasa kuma ga wani tafki fari fat, gishiri zalla, mata zaune a bakin hanya suna sayar da shi dunƙule-dunƙule. Auwal ya ɗauki hoto. Ni na riga na san dutsen nan. Na san yadda yake cin silifa a kwana biyu, sannan ya fara cin ƙafa.

Gaba kaɗan muka fara ganinsu. Mutane a gefen titi, layi ɗaya, maza da mata, kowa da gorar roba a hannu, yawanci ba komai a ciki. Wasu sun ɗaure ƙafa da tsumma. 'Yan Habasha ne, Obok suka nufa. Ba sa ɗaga hannu a tsaya musu, ba sa ma kallon mota.

Auwal ya ce a tsaya. Hummad ya ce a'a, in aka gan shi da su a shingen gaba motarsa ta tafi. Ya rage gudu kawai. Auwal ya riƙa miƙa ruwanmu ta taga har ya ƙare. Wata mata ta karɓa ba ta sha ba, ta juya ta koma baya da gudu. Akwai wanda ta bari a can.

Sannan Auwal ya ce, ba tare da ya juyo ba: "Haka kuka yi tafiyar?"

"Haka."

Kafin garin Tajura taya ta fashe. Jak ɗin Hummad ya ƙi ɗagawa, sai da muka tara duwatsu. Yana can yana fama, mu muka raɓe a 'yar inuwar motar. Nan Auwal ya fara tambaya, ɗaya bayan ɗaya, kamar ɗan sanda.

"Yaushe ya cika?"

"Gab da asuba."

"Wa ya yi masa wanka?"

"Ni."

"Da wane ruwa? Ka ce ba ku da ruwa."

"Akwai ruwan zafi da ke ɓuɓɓugowa a bakin tekun. Yana wari, ba ya shawuwa. Da shi na yi. Na riƙa ɗebowa a kwanonmu ina jira ya huce."

"Likkafani fa?"

"Zanen rufarmu."

"Da me ka haƙa?"

"Da kwanon. Na jira rana ta ɓullo don in san gabas. Na sa kansa kudu, ƙafa arewa, fuska gabas, yadda ake yi. Na sallace shi ni kaɗai. A gida fasasshiyar tukunya ake sawa, ba ni da ita, sai na kifa kwanon a wajen kai na danne da dutse."

"Wane irin kwano?"

"Na Inna. Fari mai shuɗin baki."

Ya gyaɗa kai. Ban ga alamar ya yarda ba, ban ga alamar bai yarda ba. Wanda ya shekara ashirin da huɗu yana da lokacin shirya labari, ni ma na san haka.

Mun isa Obok da yamma. Ƙaramin gari ne, awaki sun fi mutane. Muka sauka a gidan wata 'yar'uwar Hummad, bukkar tabarmi da gadon igiya a waje. Ta kawo shinkafa da romon akuya, ta tsaya nesa. Da Hummad ya gaya mata abin da ya kawo mu, ta koma ciki ta ƙaro mana nama.

Abu uku na riƙe a kaina duk shekarun nan: ruwan zafin, wata bishiyar ƙaya, da wani baƙin dutse mai kama da raƙumi a durƙushe. Da hantsi muka bi gaɓar teku arewa. Bishiya babu, an sare ko ta mutu. Ruwan zafi ban gani ba, teku ne kawai yana dukan duwatsu. Dutse mai kama da raƙumi kuwa, na ga sun fi goma.

Sai kaburbura. Ni kabari ɗaya na bari. Yanzu fili ne guda, tulin duwatsu jere-jere, ba suna, ba alama. Hummad ya ce waɗanda ƙishi ya kashe ne da waɗanda teku ya dawo da su. Na shiga tsakaninsu ina dubawa. Dukkansu kansu na wajen teku, ƙafafunsu na wajen tudu. Nawa ba haka yake ba. Nawa a kwance yake tare da gaɓa, fuskarsa na kallon ruwa.

Na ce, "Ba nan ba ne."

Muka ƙara gaba. Wani filin, irin wancan. Na ce ba nan ba ne. Muka koma baya. Rana ta take, ƙasan takalmin Auwal ya ɓare, ya ɗaure da igiyar caji. Har la'asar muna yawo. Na fara shakkar kaina. Mutumin da ya kwana uku ba ruwa, me ya gani, me ya ƙaga? Na tuna nauyinsa a hannuna. Wannan dai ban ƙaga ba.

A bakin mota Auwal ya tsaya a gabana. Leɓensa ya tsage, muryarsa ba faɗa a ciki.

"Malam Sale, in ba ka binne shi ba ka gaya min yanzu. Wallahi zan iya ɗauka. Na ga hanyar da idona, na ga matan nan. Ba zan ce maka komai ba. Ka daina zagaya ni a kan kaburburan mutane kawai."

Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Na ce, "Gobe."

"Jibi jirginmu."

"Na sani. Gobe."

Hummad ne ya gyara mana ɗaya. Ya ce ruwan zafin ba ya nuna kansa sai teku ya janye, mun zo a lokacin da ya rufe shi. Da asuba muka koma. Ruwa ya ja baya, ga ramuka a cikin duwatsu suna hayaƙi. Mutane har sun riga mu. Tsofaffi zaune sun tsoma ƙafafu, mata can gefe da zannuwansu a jiki sun shiga har wuya. An kawo wani a kan jaki, ƙafarsa ta shanye. Sun ce yana maganin sanyin ƙashi da ƙuraje. Mu a gida ruwan zafi na mai jego ne. Su nan ƙasa ce ke dafa musu, ba itace ba tukunya.

Warin ne ya fara isowa gare ni, kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Wannan warin ya kwana a hannuna wata guda bayan na wanke Yaya Habu. Na zauna a bakin wani rami na naɗe wando na tsoma ƙafa, kamar abin da ya kawo ni ke nan. To masu tambayar gwiwa, ga amsarku, na gasa ta.

A ramin akwai wani tsoho, baƙi, busasshe, gemunsa ja da lalle. Hummad ya gaishe shi da girmamawa, ya ce mana masunci ne, kuma shi da mutanensa ne ke binne waɗanda teku ya kawo. Tsohon yana jin Larabci. Ya tambayi abin da muke nema. Ni na faɗa.

Ya ce, "Yaya ka kwantar da shi?"

Na zana masa a kan jiƙaƙƙen yashi. Ga teku. Ga kai, ga ƙafa. Ga fuska tana kallon inda rana ke fitowa.

Ya dubi zanen. "Musulmi ne?"

"Musulmi ne. Shi yake ja mana salla."

"To me ya sa ka kau da fuskarsa daga alƙibla?"

Na ce ban kau da ita ba, gabas na sa shi. Tsohon ya ɗaga hannu ya nuna, ba teku ba. Ya nuna tsawon gaɓa, arewa.

Auwal ya ciro waya ya buɗe abin nan mai nuna alƙibla. Kibiyar ta yi rawa ta tsaya inda hannun tsohon yake.

Shekara tara ina salla a Dubai ina ba wa fitowar rana baya. Na san alƙibla tana juyawa in ka canja ƙasa. Kwana biyu ina salla a Obok ina bin sahu. Amma ko sau ɗaya ban haɗa wannan da wancan ba. A waccan tafiyar Yaya Habu ne ke tsayawa gaba, ni in tsaya bayansa, ban taɓa duba ina muka dosa ba. Da ya mutu sai na koma abin da na sani tun ina yaro a Ringim: in za ka kwantar da mamaci, ka nemi inda rana ke fitowa.

Tsohon ya fito da ƙafafunsa daga ruwa. Ya ce, "Akwai ɗaya. Bayan dutsen can. Shi ne na farko a wurin nan, mun same shi kafin mu fara binne kowa. Mun gan shi a gicciye, muka ce Kirista ne daga Habasha, 'yan'uwansa suka rufe shi yadda suka iya. Shi ya sa muka matsa da namu gaba." Ya ƙara da cewa, "In mun zo yi wa matattu addu'a ba ma tsayawa a kansa."

Muka bi shi. Tafiyar ba ta kai ta daga sito zuwa masallaci ba. Jiya sau biyu muka wuce ta gaban dutsen. Ta baya ne yake kama da raƙumi.

Yana nan. Shi kaɗai, tare da gaɓa, yashi ya cinye rabin duwatsun. Ya fi yadda nake tunawa gajarta.

Ban matsa ba. Auwal ne ya je wajen kai ya durƙusa. Ya kama babban dutsen, ya ƙi, ya sa hannu biyu ya mirgine shi. A ƙarƙashi tsatsa ce ta yi zobe a cikin ƙasa. Ya tona da yatsa ya ciro wani ɓallin ƙarfe kamar rabin tafin hannu, a lanƙwashe. Ya tofa masa yawu ya goge da rigarsa. Fari, da shuɗi a baki.

Ya zauna daɓas. Hummad ya koma nesa ya ba mu baya.

Da Auwal ya tashi idonsa ya yi ja. Ya ce a samo shebur, a tono shi a juya shi. Ya faɗa da Hausa, ya faɗa da Larabci. Tsohon ya ce a'a. Ya ce da kwana ɗaya ne ko biyu da an gyara, amma yanzu abin da ke ciki ba na juyawa ba ne, a bar bawan Allah ya huta. Ya ce wanda ya halicce shi ya san ko shi waye. Sannan ya dube ni ya ce, "Kai ka yi kuskure kwana ɗaya. Mu mun yi shekara ashirin muna wuce shi." Ya ce mu tsaya. Muka tsaya mu huɗu, muka fuskanci arewa, ya yi addu'a mai tsawo. Rabinta da harshensu ne, ban ji ba. Na ce amin.

Bayan nan ya ce in muna so mutanensa za su sake jera duwatsun su daidaita da sauran, don masu zuwa su san Musulmi ne. Na ce a yi. Auwal ya ce a'a.

"A bar shi haka. Ku dai ku riƙa tsayawa. In na kawo ɗana, ta haka za mu gane shi."

Tsohon ya ce zai gaya wa mutanensa.

Auwal ya koma ya mayar da dutsen inda yake. Ɓallin kwanon ya sa a aljihu. Sai na ga yana gwada ƙasar gefen kabarin da hannu. Ba yashi ba ne a ƙasa, tsakuwa ce baƙa a cushe kamar siminti. Ya kankara, ya kankara, bai yi ramin da zai ɓoye ƙwai ba. Ya dubi yatsunsa, ɗaya ya fara jini.

"Kwanon ya lanƙwashe," in ji shi.

"Tun kafin ramin ya kai gwiwa."

"Sauran fa?"

Ya taso ya kama hannuna na dama ya juya shi, yadda jami'in nan ya yi. Ya daɗe yana kallon yatsun biyu. Na so in janye, ya riƙe.

Ya ce, "Baffa, mu tafi. Rana ta yi."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. A mota bai ƙara ba, a jirgi ma haka. Amma da muka sauka ya karɓi jakata ya rataya.

Kada wani ya ce min labari ya yi daɗi. Inna ta tafi da abin da ta tafi da shi, ba wanda zai je ya gaya mata. Yaya Habu ya shekara ashirin da huɗu yana kallon ruwan da bai ƙetare ba, ba mai ce masa Allah ya jiƙan ka, kuma hannuna ne ya jawo. Mutanen da muka wuce a titi, wasunsu yanzu suna cikin filin nan. Mai son kai maiɗakinsa hutu ya nemi wani wuri. Gwiwa kuma tana nan yadda take.

Auwal ya aika saƙon murya Ringim. Ban tambayi me ya ce ba, ban tambayi me Ilu ya ce ba.

Ranar Talata da ta wuce ina tsakiyar loda kwantena ya kira. An sauka, namiji. Ya ce in bar abin da nake yi in zo, ni zan yi wa yaron huɗuba. Na ce akwai malamai a garin nan. Ya ce ya sani, in zo.

Na je da kayan aiki a jikina. Na wanke hannu sau biyu. Ya miƙo min yaron a cikin farin zane, ba nauyi. Kafin in karɓa na ce masa, "Ciro wayar nan taka tukuna. Nuna min alƙibla a ɗakin nan."